Shekarar da Sarkin Noma Ya Nemi Aron Gona

Akwai maganar da ake yi a danginmu wadda na gaji da jinta ta bayan katanga. Tunda ƙarfi ya fara ja baya, gara in ajiye muku gaskiyarta da hannuna, ko da yake rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci ne. Ana cewa 'yar'uwarku Luba ta tona asirin ubanta, ta ɗauki sunana ta liƙa a intanet cikin masu bara. Ƙanena Bawa, baffanku na Shinkafi, shi ya fara faɗin haka, kuma har yau in ta durƙusa ta gaishe shi sai ya juya ya tambayi na kusa da shi labarin kasuwar raguna. Ku ƙanana kun taso kun tarar da zancen, kun ɗauka haka aka yi. Ba haka aka yi ba. Ni na san yadda aka yi, domin a kaina kunyar ta sauka, kuma ba zan ce muku ta gama sakina ba.

Sai na fara gaya muku ko ni wane ne kafin mu baro gida, don wasunku ba su san ni ba sai a kan tabarmar zauren mutane. A ƙauyenmu, can bayan Gurbin Bore, ni ne Sarkin Noma. Ba gadon sarautar na yi ba, yawan damin gero da dawa ne ya ba ni ita, aka yi kiɗa aka naɗa mini rawani a gaban rumbunana. Gonakina sun fi ƙarfin gidana, saboda haka duk shekara akwai waɗanda nake ba wa aro. To, a wurinmu ba a roƙon gona. Wanda ba shi da wurin shuka ba ya buɗe baki ya ce a ba shi. Gaisuwa kawai zai zo, ya zauna, a taɓa zancen ruwa da na tsutsa, ya tashi ya tafi. Kai mai gona kai ne za ka gane. Sai ka bari a kwana biyu, ka taka da ƙafarka har ƙofar gidansa, ka ce masa wata gona ta gagare ka, haki, wato ciyawa, na son cinye ta, ya taimake ka ya riƙe maka ita bana. Shi kuma ya yi ɗan jim kamar mai shawara, sannan ya ce to, don kai ne. Kowa ya san wa ya ba wa, amma ba wanda ya sunkuyar da kai. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na yi wa mutanen da ban iya tuna yawansu. Cikinsu akwai Labbo, wani mutumin wajen Birnin Tsaba da ya zo mana ƙodago da fartanyarsa a kafaɗa, ya zauna tare da mu har ya yi aure, daga baya ya tashi ya koma Kaura Namoda neman arziki.

Yadda 'yan bindiga suka tashe mu ba shi ne zancen wannan babi ba, kuma ba na son maimaita shi. Abin da za ku riƙe shi ne, mun iso Kaura Namoda ni da mahaifiyarku Kulu da waɗanda suka rage a gabanmu, da kayan da bai cika bayan mota guda ba. Yayan Kulu ya ba mu ɗakuna biyu a gidansa, Allah ya saka masa. Bawa kuwa, da yake dillancin dabbobi ya karɓe shi a Shinkafi, ya ɗauki nauyin cikinmu, buhun hatsi ba ya yankewa. Mutum mai godiya ya kamata ya ce alhamdu lillahi ya yi shiru, kuma na ce. Amma duk ranar da aka sauke buhun nan a ƙofar gida, yaran unguwa suna kallo, tuwon ranar ba ya wuce mini a wuya da daɗi. Damina guda cur na yi a zaune. Ruwa zai sauka, ƙasa ta ɗauki ƙamshi, ni ina zaure ina gyara igiyar guga wadda ba abin da ya same ta. Da la'asar mutanen garinmu da suka watsu cikin Kaura sukan taru a ƙofar masallacin unguwa, su shimfiɗa mini buzu a gaba, su ce Sarkin Noma ya iso. Sarkin Noman da ko tushen kuɓewa ba shi da shi.

Luba a lokacin ta gama karatun kwamfuta, tana ɗan aiki a wani shagon buga takardu. 'Yan bokon garinmu suka kafa ƙungiya, suka ɗora wani malamin makaranta a shugabanci, suka ce suna son a yi musu shafi a intanet. Dalilinsu mai kyau ne. Mutanenmu sun watsu, wasu Zurmi, wasu Shinkafi, wasu Gusau, wasu har sun tsallaka Nijar, ba wanda ya san inda wani yake. Ga kuma ma'aikata da 'yan kasuwa masu gonakin gado dab da gari, a wuraren da ake iya zuwa a dawo lafiya, sun bar su ba mai noma. Aka ce in aka haɗa waɗannan da waɗancan, mutanenmu za su sami wurin shuka kafin ruwa ya sauka. Aka ba Luba aikin, don ita ce 'yar gari, kuma ba ta ce a biya ta ba.

Ni na zaci za ta zauna gaban kwamfuta ne ta yi ta danne-danne. Sai na ga ta samo kwalin taliya ta warware shi, ta shimfiɗa a tsakar gida da hantsi, ta durƙusa a kai da baƙin alƙalami mai kaurin baki. Kulu tana tankaɗe a gefe, ni ina kan kujera 'yar tsugunno ina jin rediyo. Ta zana akwati guda a sama. Ta ja layi ƙasa, ta raba shi, ta zana wasu akwatuna a jere, kowane ta rubuta masa suna a ciki, ta haɗa su da 'yan kibiyoyi. Na yi ta maza na ƙi tambaya, har dai abin ya ci ni.

"Luba, wanga kuma wane irin gida na kike zanawa, ba ƙohwa ba taga?"

"Gida na kuwa, Baba," in ji ta. "Magini ai ba ya aza tubali sai ya ja layi bisa ƙasa ya ga inda kowane ɗaki za shi zama. Wanga na sama shi na zaure, duk wanda yab buɗe shahin nan za shi hwara sauka. Waɗanga na ƙasa ɗakuna na. Kibiya kuma hanya ta, in mutum ya taɓa nan, ta kai shi nan."

Abin ya burge ni, ban ɓoye ba. Na jawo kujera na matsa. Ta karanta mini su ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗakin tarihin garinmu. Akwai na cigiyar 'yan'uwa, inda mutum zai rubuta wanda yake nema. Akwai na sanarwar rasuwa da haihuwa. Sannan a tsakiya, daidai ƙarƙashin zaure, akwatuna biyu manya kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya ta rubuta masa Masu ba da aron gona, ɗaya Masu neman aron gona. Ta ce malaminsu ya koya musu kada a yarda da zane sai an sa wanda bai san komai a kai ba ya bi shi da yatsa, a ga ko zai ɓata. Ta dube ni tana murmushi, don ta san a gidan nan babu wanda ya fi ni rashin sanin komai a kai.

"To Baba, a ce kai na kab buɗe. Ga ka cikin zaure. Ina za ka nuhwa?"

Na ɗora yatsa a kan zaure. Na gangaro da shi bisa layi ina jin daɗin kaina, kamar yaron da aka ba wa karatun da ya iya. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Yatsan nan da kansa ya karkata ya sauka a kan Masu ba da aron gona, ya zauna daram. Na ɗago ina jiran a yaba mini. Rariyar Kulu ta tsaya. Kun san mahaifiyarku, shiru ba ya daɗewa a kusa da ita, kuma tsokana ce maganinta na kowace cuta.

"Sarkin Noma, wace gona za ka ba su? Ta bayan ɗaki ko ta ƙarƙashin gado?"

Ta faɗa tana dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba, don ta ga fuskata. Na dubi yatsana, na dubi akwatin da ke kusa da shi, wanda shi ne nawa na gaskiya. Tsakaninsu bai fi faɗin tafin hannu ba. Shekara da shekaru ina jin ana cewa mutum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba ƙari ake yi ba. Ba talaucin ne ya kunyata ni ba, shi na riga na san da shi. Abin da ya kunyata ni shi ne a gaban matata da 'yata aka ga cewa har yanzu zuciyata ba ta sami labari ba. Na janye hannu, na ce rana ta yi zafi, na shige ɗaki.

Ban ce wa Luba ta canza komai ba. Wannan ku riƙe shi, don shi ma ana juya shi. Ban sake tayar da zancen ba, ita ma ba ta sake shimfiɗa kwali a gabana ba. Na dai riƙa ganinta da wani sabon kwali a ɗakin uwarta, tana zane tana gogewa. Bayan wani lokaci aka ce shafi ya tashi, matasa suka yi ta tura wa juna a waya, shugaban ƙungiya ya zo har gida ya yi godiya. A ƙofar masallaci ya yi wa mutanenmu bayani, ya ce duk mai son gona ya ba da sunansa a sa. Kowa ya saci kallona. Ni kuwa na kafa wa carbina ido. Wani dattijo ya ce to, za a yi shawara. Na san irin wannan shawarar, ba ta ƙarewa. Ba wanda zai yarda ya rubuta kansa mai nema alhali Sarkin Noma yana zaune bai rubuta ba, kuma ni na san haka sarai tun a wurin.

Zafi ya tsananta, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Masu gona suka fara sharar gonakinsu, da yamma ka hango hayaƙin ƙona kara ta ko'ina. Mu muna zaune. Gidajen mutanenmu a Kaura ba irin nawa ba ne, yawancinsu ba su da wani Bawa a Shinkafi. Akwai wanda matarsa ke surfe a gidajen mutane, akwai wanda 'ya'yansa ke tallan ruwa a tasha. In wannan damina ta wuce su kamar ta bara, wasu sai dai su koma ƙauye su yi noma a bakin bindiga, kuma mun riga mun binne waɗanda suka gwada haka. Rannan aka yi yayyafin farko, wanda ba ya isa shuka amma yana tayar da hankalin manomi. Washegari da la'asar shugaban ƙungiya ya yi sallama a zaure. Mutum ne mai ladabi, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya iso.

"Sarkin Noma, aikin ɗiyarka ya yi kyau ga ido, ba mu raina ba. Sai dai masu gona sun ba da sunayensu, sun shiga sun duba, ba su ga inda masu nema suke ba. Wani daga Gusau har ya aiko shina muna barka, wai ashe mutanenmu duk sun samu wuri. Ni kaina na lalaba ban gani ba. Mun yi magana, ko za mu kai ma wani yaro can Gusau shi sake muna shi. Ka san aikin ga, wataƙila ya yi ma ɗiya mace nauyi."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Da ya tafi na shiga gida na ce Luba ta kawo mini zanen da ta yi aiki da shi. Ta yi tsaye kamar ba ta ji ba, sai da na maimaita. Ta kawo kwali na biyu ta shimfiɗa. Zaure yana nan a sama. Masu ba da aron gona suna nan a tsakiya, akwatinsu ƙato. Kusa da shi, inda ɗan'uwansa yake a da, babu komai. Na ɗora yatsa na fara bi, wannan karon a hankali, ina haɗa baƙaƙen da kaina. Na shiga tarihin garinmu. Daga nan kibiya ta kai ni sana'o'in kakanni. Daga nan ta kai ni noma da kiwo. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan akwati mai suna Sauran bayani, daga shi kuma wata siririyar kibiya ta gangara can kusurwar kwali, inda ya fara yagewa. A nan na same mu. Akwatin bai fi kwalin ashana ba, rubutun ciki sai da na kanne ido. Ko ɓarawo aka ce ya nemo wurin nan sai ya yi zufa.

"Mi ya sa kinka kai shi nan?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Kulu ce ta amsa daga bakin murhu, ba tare da ta juyo ba, kuma wannan karon babu tsokana a muryarta.

"Kai ma ka sani. Tun randa kas shige ɗaki yarinyar ga ba ta da sukuni. Cewa tay yi in dai ita ta zana, ba ta aza ubanta bakin ƙohwa kowa shi gani."

Kunyar farko ta yatsa ce, ta tsaya a tsakar gida. Wannan ta biyu ta fi ta nauyi. Yarinya ta ɓata aikinta da hannunta, ta yarda a ce ba ta iya ba, ta yarda a ce aikin ya fi ƙarfin mace, duk don ta rufa mini asiri. Asirin da ta rufa kuwa ya rufe har da gidajen mutane masu jin yunwa. Na ji tausayinta, na ji haushin kaina, na kuma ji wani abu mai kama da alfahari da ita, duk a haɗe. Na zauna a ƙasa kusa da kwalin, abin da ban saba yi a gabansu ba. Na ce ta ɗauko zanen farko. Ta ce ta yar. Kulu ta tashi ta zaro shi daga bayan buhun hatsin Bawa, ashe ita ta ɓoye.

"Wanga za ki mai da," na ce. "Kuma akwatin masu nema ba tsakiya za shi zama ba. Wane wuri ido ka hwara sauka in an buɗe?"

"Nan, Baba. Hagu, sama."

"To nan za shi zama. Kibiya guda daga zaure, ba biyu ba. Kuma sunana za ki hwara sawa."

Ta yi ta roƙona. Ta ce a canza wa akwatin suna, a ce Masu sha'awar noma, ko Manoman garinmu, yadda ba zai yi zafi ba. Na ce mai gona a Gusau ba shi da lokacin fassara, a bar shi yadda yake, masu nema. Ta ce to a sa sunan wani tukuna, ni in biyo baya a tsakiya inda ba za a lura ba. Na ce ba wanda zai shiga sai ya ga na shiga. Ta ɗauki alƙalami, ta rubuta Abdu a cikin akwatin, ƙarami, ta ajiye. Na ce Abdu nawa ne a garinmu, ta ƙara abin da aka san ni da shi. A nan ne ta fashe da kuka.

"Baba, Baffa Bawa za shi gani. Kowa za shi gani, har mutanen Nijar. Don Allah ka bar sarautar."

"Sarautar ita za su bi, ba ni ba. Rubuta."

Ta rubuta. Sarkin Noma Abdu, a ƙarƙashin Masu neman aron gona. Ni na faɗa, ita ta rubuta tana hawaye, mahaifiyarku tana tsaye tana kallo, ku tambaye ta tun tana da rai. Abin da Luba ta tsaya a kai, kuma na bar mata, shi ne ba hoto, ba unguwa, duk mai magana ya bi ta hannun shugaban ƙungiya, saboda halin da ake ciki. Washegari ta tafi shagonsu da kwalin a naɗe, kafin azahar ta mai da shafin yadda muka zana.

Kada ku zaci na fito daga wannan ina taƙama. Na daina zuwa masallacin unguwa, na koma wani can bayan tasha inda ba a san ni ba. In na hango matasa sun haɗa kai a kan waya, sai in ga kamar sunana suke karantawa, in canza hanya. Amma a zaure ina jin sallama tana yawaita. Dattijon nan mai shawara shi ya fara zuwa, ya ce a gaya wa Luba ta sa shi ƙarƙashin Sarkin Noma. Wasu suka biyo shi, ba mai duban idon wani. Kafin ruwa ya zauna sosai akwatin nan ya cika har sai da ta ƙara masa wuri, masu gona suka fara kira, shugaban ƙungiya yana rarraba mutane. Bai sake zancen yaron Gusau ba.

Ranar kasuwar Kaura sai ga Bawa, ko zama bai yi ba. Ya tsaya tsakar gida da waya a hannu, yana nuna mini ita kamar ni ban san abin da ke ciki ba.

"Yaya, mi niy yi maka? Hatsi ya taɓa yanke maka? Cikin kara, kasuwar dabbobi, gaban dillalai, wani yam miƙo min wagga, wai ba yayanka na ba? Duk Shinkahi an ce Bawa na da garke, ɗan'uwanshi na bara ga intanet. Wagga ɗiya ta zubar muna da mutuncin gida!"

"Ba ita ta ba, Bawa. Ni nis sa ta, tana kuka."

"Rufa mata kake. Na san ka. Kai da ko gishiri ba ka aike a roƙo maka maƙwabta, kai za ka ce a rubuta ka haka?"

Na rantse masa, bai yarda ba, kuma har yau bai yarda ba. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba. Ya fi masa sauƙi ya ce yarinya ce ta yi wauta, da ya yarda cewa yayansa da yake tinƙaho da shi ya zaɓi haka da kansa. Kuma shi ma kunyar gaske ya sha a kara, ba ta ƙarya ba. Buhu bai daina zuwa ba, ku shaida masa wannan. Gaisuwar Luba ce ya daina amsawa, ranar aurenta ma aike ya yi. Wannan shi ne abin da shawarata ta ci, kuma ba ni na biya ba, ita ta biya. Shi ya sa nake rubuta muku. In na rigaye shi, ku kai masa wannan babi ku karanta masa, ko zai yarda da matacce tunda bai yarda da mai rai ba.

Saura ku ji yadda ni na sami tawa gonar. Da yake sunana ne a sama, ni aka fara kira. Wani matashin ma'aikaci ne, shugaban ƙungiya ya miƙo mini wayar. Yaron kirki ne, na tabbata, amma bai san yadda ake yi ba. Ya ce Baba kai ne mai neman gona, ka je ka karɓa, sadaka ce saboda mahaifina. Na yi masa godiya da addu'a, na ce a ba wa mai matar da ke surfe, ya fi ni bukata. Gaskiya ne ya fi ni bukata, amma ba shi ne dalilina kaɗai ba. Aka sake kira, na sake turawa. Mutane suka ɗauka girma ne irin na shugaba. Kulu kaɗai ta gane, ta ce mini in na gama rabon gonakin mutane sai in zo mu shuka tsakar gida.

Ana haka, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, aka ce ana sallama. Na fito zaure na tarar da wani mutum mai furfura a gemu ya tsuguna a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ga babur sabo a jingine a waje. Sai da ya ɗago na gane Labbo, ɗan ƙodagona na da. Na ji labarin ya yi arziki da sayen gyaɗa, amma tunda muka zo Kaura na yi ta kauce wa hanyar da za ta haɗa mu. Na nuna masa tabarma, ya ƙi, ya zauna a ƙasa yadda ya saba. Muka gaisa. Ya tambayi Kulu da yara. Muka taɓa zancen ruwa, muka taɓa na tsutsa. Ina hango kan wayarsa ya leƙo daga aljihun gaba, na san abin da aka nuna masa a ciki, shi ma ya san na sani. Ina jira ya ce ya ga sunana. Na riga na shirya fuskar da zan karɓi maganar da ita. Sai ya gyara murya, ya dubi ƙasa.

"Sarkin Noma, wata 'yar damuwa ta ta kawo ni. Akwai wata gona tawa nan hanyar Zurmi, ba nisa da gari. Ta gagare ni. Haki na son cinye ta. Don Allah ka taimake ni ka riƙe min ita bana."

Kalmomina ne, ko ɗaya bai canza ba. Haka na faɗa masa a ƙofar bukkarsa shekarun baya, lokacin da amaryarsa ke da ciki ba su da wurin shuka. Sunana yana rataye a gaban duniya cikin masu nema, amma mutumin nan ya taka da ƙafarsa ya zo ya tsuguna yana roƙona. Na yi jim, kuma wannan karon ba na al'ada ba ne, magana ce ta ƙi fita. Da ƙyar na tattaro ta.

"To, Labbo. Don kai na."

Ya ce in hau babur mu je in gani. Muka bi hanyar Zurmi kaɗan, muka ratse. Ya tsaya a bakin wata gona mai faɗi, jigawa mai laushi, irin wadda manomi ba ya ba wa kowa. Na sauka ina neman ciyawar da ke neman cinye ta. Ko tsinke babu. An share ta tas, an ƙone kara, an watsa taki har yana tururi bayan ruwan daren jiya. Na tsaya a bakin kunya ta farko riƙe da hulata, na rasa inda zan sa idona. Labbo bai dube ni ba. Ya juya baya yana kallon gabas, sannan ya yi magana.

"Hadari na haɗuwa, Sarkin Noma. A aika gida a kawo iri."